Shekarar da Fartanyata Ba Ta Shiga Gandu Ba

'Ya'yana, wannan babin naku ne duka, amma musamman na Muntari. A Sallar da ta wuce, da na ce ku shirya ku je Fakku ku gaida yayana, Baffanku Sani, Muntari ya sunkuyar da kai ya ce a hankali, yana zaton kunnena ya mutu, wai mutumin da ya hana mu hatsi muna cikin yunwa ne za a je a durƙusa wa. Ban tanka ba, domin akwai surukai a wurin. Yanzu zan tanka. Zan bi maganar daga farkonta yadda ta faru, kuma ina so ku karanta ta a haka, kada wani ya tsallaka zuwa ƙarshe.

Tun da a gari kuka girma, sai na fara da gandu. A ƙauyenmu da ke bayan Fakku, cikin ƙasar Kebbe, babbar gonar gida ta kowa ce, ita ake kira gandu. Bayan rasuwar mahaifinmu Yaya Sani ne ya zama babba a kanta. Muna ƙarƙashinsa ni da 'ya'yan ƙanen mahaifinmu su biyu, babbansu shi ne Ilu. Da damina, daga safe har azahar kowa na gandu. Bayan azahar kowa ya nufi gayaunarsa, wato 'yar gonar da aka yanka masa, abin da ta ba shi nasa ne shi kaɗai. Hatsin gandu kuwa rumbu ɗaya yake shiga, daga nan ake auna wa kowane ɗaki. Akwai doka guda da mahaifinmu ya kafa tun lokacin da samari suka fara tafiya cin rani suna ƙin dawowa sai an gama noma: duk namijin da damina ta wuce bai yi aikin gandu ba, in ba shi da kansa ne ke kwance ba, ba a auna wa ɗakinsa a wannan shekarar. Ni kuma ban da noma ina gyaran injin ban ruwa, sana'ar da ba ta ci sai da rani, lokacin masu albasa da tumatir a fadama.

A shekarar da nake magana Balkisu, babbarku, ta gama firamare. Malaminta ya tare ni a masallaci ya ce yarinyar nan kanta na ja, kada a bar ta a gida. Babu sakandaren da yarinya za ta iya takawa kullum daga ƙauyenmu. Abin da kowa ke yi a irin wannan hali sananne ne: a ba wani ɗan'uwa na gari riƙon yaro. Kafin ma in buɗe baki, Kawunmu da ke Sakkwato ya aiko cewa a kawo ta gidansa. Kowa ya yi murna sai ni. Dalilina shi ne a wannan gidan aka riƙe ni. Ba a taɓa dukana ba, ba a taɓa hana ni abinci ba, kuma har Kawu ya koma ga Allah ban daina yi masa addu'a ba. Amma yaron da uwarsa ba ta cikin gida shi ne ya fi kusa da aike. A kai niƙa, a sayo kalanzir, a raka wance asibiti. Ina isa makaranta an gama darasin farko, wata rana har na biyu. Babu wanda ya ce in bar karatu. Karatun ne ya yi ta raguwa har ya ƙare a aji biyu na sakandare. Na san in namiji ya sha haka, mace za ta sha fiye.

Na samu Yaya a ƙofar gida bayan la'asar yana gyaran ƙotar gatari, na ce masa ba zan ba da riƙon Balkisu ba, gidan gaba ɗaya zan ɗauka in kai gari.

"Don ɗiya guda za ka tada gida?" in ji shi, bai ko ɗago ba.

"Bayanta akwai Muntari, bayan Muntari akwai wasu."

"To shi Kawu mi za mu ce mai? Gidanai bai yi maka ba?"

"Ni zan je in ba shi haƙuri da bakina."

"Umaru, tun kana yaro in ka jera abu cikin kanka ba mai rushe maka shi. Gandu fa?"

Na ce na riga na tsara. Da rani ina gari ina gyaran inji, ruwan farko na sauka ina gida da fartanyata har a ɗaure dawa. Ya dube ni sannan ya ce, in haka ne babu wanda zai taɓa rabon ɗakina. Ya ƙara da cewa in tuna dokar ba shi ya kafa ta ba. Na ce na tuna.

Zaɓen garin ya ci mini tsakiyar damina. Da gangan na zaɓi lokacin, bayan noman fari kafin maimai, domin manomi ba ya duba wuri da rani. Da rani kowane gida busasshe ne, kowace hanya tana biyuwa. Da damina kake sanin inda ruwa ke kwana, kuma da damina kake sanin ko malamin makaranta yana aji ko yana gonarsa. Abin da nake nema uku ne. Makarantar da za ta karɓi mace ta kuma koyar da ita, da Islamiyya kusa. Haya da abin masarufi da mai gyaran inji zai iya ɗauka. Sai kuma garin da hatsin gidanmu zai iya isa ba tare da kuɗin mota ya cinye shi ba, domin na san in har zan sayi kowane mudu a kasuwa, babu garin da zai yi mini sauƙi.

Sakkwato na fara zuwa, na haɗa da ba Kawu haƙuri. Makarantu kam sai wadda ka zaɓa. Amma ɗakin da aka nuna mini a kan abin da zan iya biya, in an shimfiɗa tabarma biyu ta ukun sai a waje, ga gida ya yi nisa. Na cire ta. Dogon Daji ta kwanta mini, akwai sauƙin haya, mutanenta manoma ne irinmu. Sai dai gidan da na samu yana gefe ɗaya na titi, makaranta na ɗaya gefen, ga manyan motoci ba dare ba rana. Da na faɗa wa mahaifiyarku, ta ce ita ba za ta yini da zuciya a hannu ba. Kebbe kuwa ita kowa ya ce in zaɓa, ga kusa, ga araha, ga dangi. Na je na duba, ban ga aibin makarantunta ba. Kusancin ne ya hana ni. Na san mutanenmu. In muna Kebbe, ranar suna za a aiko a ce Balkisu ta zo ta taya aiki, ranar roron wake a aiko, in Inna, kakarku, ta yi tari a aiko. Kuma ba zan iya cewa a'a ba, domin kowa ya san tafiyar ba ta da wuya. Ina son garin da hatsi zai iya zuwa, amma ɗan aike sai ya yi tunani kafin ya taso.

Tambuwal ce ta cika wannan. Na je ranar kasuwa ana yayyafi, na zauna gindin wata dalbejiya daura da makarantar da aka kwatanta mini. Ban shiga ofis ba, domin na san a ofis kowace makaranta mai kyau ce. Na ga malamai sun shiga da safe ba su fito ba, ko da yake kasuwa na ci. Hayaniyar da ke fitowa ta tagogi ta karatu ce, ba ta yaran da aka bari su kaɗai ba. Na zaga baya na ga akwai ban ɗakin mata mai ƙyaure, da famfo mai ruwa. Na tambayi wata mai awara a bakin ƙofa yadda ciniki yake, ta ce ciniki sai a hankali, shugaban nan ba ya barin yara su fito sai an kaɗa ƙararrawa. Ita kuka take, ni kuwa daɗi na ji. A ranar na samu ɗaki biyu a bayan gari, gidan wani dattijo mai koyar da littattafai a zaurensa. Akwai rijiya a tsakar gida, kuma duk ruwan da aka yi ban ga inda ya kwanta ba. Na kama.

Mun tashi bayan an yanke gero, dab da komawa makaranta. Abin da ya fi yi mini nauyi ba kaya ba ne, Inna ce. Balkisu 'yar fari ce, mahaifiyarku ko sunanta ba ta faɗa saboda kunya, tun yaye a ɗakin Inna take kwana. Ita ke ɗebo mata ruwan alwala, ita ke sa mata zare a allura. Ranar tafiya Inna ta zauna bakin ƙofarta tana tsinkar zogale, ta ƙi kallon motar.

"Kai da anka riƙa ka ƙi ba da riƙo," in ji ta, "amma ni ka zo ka ƙwace wadda nika riƙo."

"Inna, duk hutu za ta zo."

"Hutu. In ta iske ni."

Sai ta kira Muntari, wanda take wasa da shi tana ce masa mai gidanta, ta ce ya tafi, dama miji ne marar cefane. Ta kwance bakin zanenta ta ba Balkisu 'yan kunnenta na azurfa, ta ce ta yi karatun da kyau tun da an rantse sai ta yi. Ta koma kan zogalenta. Ba ta ɗago ba har muka fita.

Ranin farko ya tafi yadda na tsara, ban da abu guda da ɗan ƙauye ba ya sa wa a lissafi. Mu ba mu san itace abin saye ne ba. Ba mu san kuka da kuɓewa da ɗanyen barkono sai an je kasuwa ba. Ranar da mahaifiyarku ta fara sayen kara don hura wuta, ta dawo tana dariya tana cewa in an ji a gida za a ce mun haukace. Duk da haka mun riƙe. Rabonmu na gandu ya zo cif, tun da na yi daminar. Masu fadama suka san ni, aiki ya samu. Balkisu na fita da safe cikin farin hijabi, ta dawo ta ci abinci ta wuce Islamiyya, ba mai aikenta ko'ina. Na kan tsaya a ƙofar shago in ga wucewarta.

Sai ga cikin Auta. Tun zafin bazara mahaifiyarku ta fara kumburin ƙafa da jiri. Ana gab da ruwan shuka ta faɗi a bakin rijiya. A asibiti suka ce jininta ya hau, ba daka, ba jan guga, ba tsayuwa gaban murhu, kuma kada ta yi nisa da asibiti har ta sauka. Mahaifiyarta ta rasu, 'yan'uwanta mata kowace na gidan miji da damina a gabanta, Inna kuma ta tsufa da jinya. Na aika ko'ina, ban samu mai zuwa ba. Maganar ta tsaya a kan mutum biyu. In na tafi gandu, Balkisu ce za ta bar aji ta riƙe gida har kaka, ga jarrabawar ƙarshen shekara a gabanta. In na zauna, ɗakina ba shi da rabo. Babu hanya ta uku, na neme ta ban samu ba.

Mahaifiyarku da kanta ta ce in tafi.

"Malam, yarinyar nan ta iya tuwo. Zango ɗaya ne, ta koma baɗi."

"Haka nawa ya fara, da zango ɗaya."

"To mi za mu ci?"

"Abin da Allah ya hore."

"Kai ne za ka tuƙa?"

"Hannu gare ni."

Ta juya fuska bango. Balkisu na bakin ƙofa da tsintsiya, ta ji komai. Ta ce, Baba, ni zan iya zama. Na ce ban tambaye ta ba, ta je ta wanke kayan makarantarta.

Na aika wa Yaya da direban da ke zuwa Kebbe ranar kasuwa cewa bana ba zan samu zuwa ba, ga dalili. Amsar da ta dawo gajera ce: Allah ya ba ta lafiya, kuma na san doka. Ban yi mamaki ba.

Daminar nan na koyi abin da ban taɓa zaton zan koya ba. Da asuba in ja ruwa, in hura wuta, in dama koko, in sallami 'yan makaranta, in kai mahaifiyarku awo in ranar ce, in dawo in ɗora sanwa. Tuwon farko da na yi, Muntari ya ce a ajiye a toshe ramin ɓera da shi. Bai san na ji ba, wannan ma. Matan maƙwabta suka riƙa leƙe ta katanga suna ce mini uwargida, ina kwanan yara. Matar dattijon mai gida, Allah ya saka mata, ita ta nuna mini yadda ake ruɗe kafin a zuba gari, ta kuma karɓi daka. Aikin inji da damina kusan babu, sai ɗan gyaran janareta da injin markaɗe. Hatsin bara ya yi ta sauka a buhu ina kallo. In hadari ya haɗu ta gabas, jikina ya kan tashi da kansa kamar zan ɗauki fartanya, sai in tuna murfin tukunya ne a hannuna. Balkisu ba ta rasa aji ko sau ɗaya ba. Abin da na yarda ta yi shi ne wanke-wanke bayan Islamiyya. Ta rubuta jarrabawa ta wuce. Auta ta zo lafiya ana yankan gero, uwar ta tashi da ƙyar, amma ta tashi.

Yanzu na zo kan ranar da kuke riƙe da ita. Bayan an ɗaure dawa Yaya ya zo Tambuwal barka, tare da Ilu. Muka zauna a zaure. Bayan gaisuwa da addu'a ga jaririya, Yaya ya ɗaga murya fiye da yadda zauren ke bukata.

"Umaru, na zo in faɗa maka da bakina, kada ka ji ga wani. Bana ɗakinka ba shi da ko tsaba ga rumbun gandu."

"Na sani, Yaya."

"Mata tai ciwo, mun ji, mun yi addu'a. Amma ba kai ne kwance ba. In na auna maka, baɗi kowa na da dalili."

"Ban roƙa ba."

"Ban ce ka roƙa ba. Faɗi nika yi, gaban shaida."

Wannan shi kuka ji ta bayan katanga, shi mahaifiyarku ta ji tana kwance da jaririya. Abin da ba ku sani ba shi ne dalilin ɗaga muryar. Ilu da ƙanensa sun yi daminar nan da hannu uku a maimakon huɗu, suna ta gunaguni cewa Sani zai karya doka saboda ɗan ɗakinsu. Sun riga sun fara maganar a raba gandu kowa ya kama gabansa. Da an raba a shekarar, Inna da matar marigayi ƙanen mahaifinmu, tsofaffi biyu da ke ci daga wannan rumbu, su ne za su fara ji a jikinsu. Yaya ya zo da Ilu ne don Ilu ya ji da kunnensa, ya koma ya faɗa.

Da Ilu ya shiga kasuwa sayen gishiri, Yaya ya ce in raka shi tasha. A bayan wata tsohuwar a-kori-kura ya ɗaga tamfol. Buhunan dawa ne, an sussuke, an sheƙe.

"Wannan fa?" na ce.

"Ta gayaunarka ce. Ba ta gandu ba ce, ba mai magana a kanta."

"Ni ban shuka gayauna ba bana."

"An shuka. Nemo mai kura, ina da sauri."

Na tsaya ina shafa buhunan. Ya ce in zan tsaya kallonsa ne shi zai sa a mayar da kayan. Na nemo mai kura. Kun riga kun wuce Islamiyya aka shigar da su.

Sai da na je gida bayan arba'in ɗin Auta na ga sauran. Namiji ɗaya ba ya noma gayauna biyu da yammaci ɗaya, balle wanda ya yini a gandun da hannu ya ragu. Na bi ta gonata na ga kara tsaye a jere, ƙasa fes. Na ƙarasa tasa, wadda ke maƙwabtaka da ita, na tarar ciyawa ta kai ƙugu, ƙuduji, ciyawar nan mai kashe dawa, ya cinye abin da ya tsira. Inna ce ta faɗa mini cewa tun ruwan shuka, in an tashi daga gandu, gonata yake wucewa da iri daga ɗakinsa. Da matarsa ta yi magana, ya ce su suna da rabon gandu, waɗancan ba su da komai. Abin gayaunarsa shi ne suturar iyalinsa da hidimarsu. A shekarar babu wanda ya ɗinka sabon kaya a ɗakinsa, kuma auren babban ɗansa da aka sa bayan kaka sai da aka ɗaga shi shekara guda. Yaron ya daɗe ba ya gaishe ni da sakin fuska, ban kuma ga laifinsa ba.

Ba zan ce muku dawar nan ta ishe mu ba. Gayauna ƙarama ce. Ta kai mu tsakiyar rani, daga nan muka koma awo a kasuwa da abin da inji ya kawo. Yunwar da kuke tunawa gaskiya ce. Kwanakin garin rogo da ƙuli gaskiya ne, da ranakun da ni da mahaifiyarku muka ce mun ci a waje. Amma da babu buhunan nan, da tun kafin sanyi ya wuce na kwashe ku mun koma ƙauye, karatun Balkisu ya tsaya a aji biyu, naku kuma ban san inda zai fara ba.

Na faɗa wa mahaifiyarku duk wannan a lokacin. Ta ce gonarka ce, haƙƙinka ne, wanda ya iya cewa 'ya'yana ba su da ko tsaba ya riga ya gama magana. Allah ya jiƙanta, ban taɓa riƙe ta da wannan ba. Mai jego da ta ji irin kalmar nan da kunnenta, ba ta ga gonar da idonta ba, kalmar ce za ta zauna mata. Daga bakinta kuka ɗauki rabin labarin, ni kuma ba al'adata ba ce in zaunar da yara ina yi musu bayanin manya. Da damina ta zagayo na koma gandu kamar yadda na alkawarta, na kuma ci gaba da komawa har ƙarfina ya ƙare. Gandun bai rabu ba sai bayan tsofaffin nan biyu sun kwanta dama, kuma an raba shi ba tare da an je gaban kowa ba. Inna ta ga Balkisu da farin kayan aikin asibiti kafin ta rasu. Ta ce kayan sun yi mata kama da likkafani, amma ta sa an kira maƙwabta su gani.

Baffanku yanzu idonsa ya yi rauni, yini yake a ƙofar gida yana gane mutane da murya. Da na je watan jiya na ce masa ina rubuta tarihina saboda yara, kuma zan sa maganar gayauna.

"Wace gayauna?"

"Ta shekarar haihuwar Auta."

Ya murza carbi.

"Kai dai ba ka gajiya da jera abu," in ji shi. "To in ka rubuta, ka sa cewa gonar taka duk tsakuwa ce ta wajen yamma, fartanya biyu ta karya min. Ba ka taɓa biya ba."

Na sa, kamar yadda ya ce.

Saura naku. Za ku tafi ku duka, ba aike ba, ba waya ba. Balkisu ta duba masa idon da kanta. Kada wanda ya yi masa godiya a kan wannan magana, zai kore ku, na san shi. Ku yi sallama, ku faɗi sunayenku ɗaya bayan ɗaya don ya gane ku, ku zauna ƙasa, ku ci abin da aka kawo muku. Muntari ne zai fara shiga.